Ina Ruwan Wankanmu Yake Zuwa? Jawabi Ga Ɗaliban Yaƙi Da Jahilci A Birnin Gwari

 

Yau maganar ruwa za mu yi, amma ba na sha ba. Ina nufin ruwan da ya gama aiki: na wanka, na alwala, na wanki da na wanke-wanke. A gidaje da yawa, rariya ce ke fitar da shi kan hanya, ya kwanta ya yi baƙi, yara na wasa a gefensa, agwagi na ciki. Sauro kuwa kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya fara cizo.

Kun fi ni sanin yadda rashin tsaro a dajin Kamuku da kewayensa ya koro mutanen ƙauyuka cikin gari. Gidan da ke ɗauke da mutum goma ya koma ɗaukar ninkinsu, rariya kuma ɗaya ce. A ƙarshen 2024 an sake buɗe kasuwar shanu, wasu sun koma gonakinsu. Mai sake gina gida yanzu ne lokacin da zai gyara wannan al'amari. Kada mu jira injin tace ruwan ƙazanta irin na manyan birane. Yana son bututu ƙarƙashin ƙasa da wutar lantarki da kuɗi masu yawa.

Abin yi mai sauƙi ne. A haƙa rami a bakin rariya, zurfinsa da faɗinsa kamar mita ɗaya. A zuba manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a kai, sannan yashi. A sa tsohon kwando ko buhu a bakin rariya don ya tare kanzo da maiƙo, a riƙa kwashewa, domin maiƙo ne ke toshe rami. A kewayen ramin a dasa ayaba, gwanda ko zogale. Su za su shanye danshin, da rani kuma uwargida ta sami ganyen miya. Inda ƙasa ke da laka, ruwa ba ya nutsewa da wuri, sai a faɗaɗa ramin. Amma a nisanta shi da rijiya, haka ma masai, kamar mita 30.

Kada a ajiye irin wannan ruwa ya kwana a baho, wari zai yi. A zuba shi a gindin itace, ba a kan ganye ba. Kada a ba latas, kabeji ko duk abin da ake ci ɗanye. Ruwan omo mai yawa yana da gishiri, yana kashe ƙasa a hankali, don haka na ɗauraya ya fi.

To, akwai ruwa iri biyu da ba sa zuwa wurin shuka sam. Na farko shi ne wanda aka wanke kashin yaro ko kayan mai gudawa da shi. Masai ne wurinsa. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma ta irin wannan ruwa take bi.

Na biyu, ina roƙon masu haƙar zinariya su saurara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun ma'adinai ana wanke su a cikin gida. A 2015 ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabtanmu. Yashi da tsakuwa ba sa kawar da dalma, tafasawa ma ba ta kawar da ita. Dutsen zinariya da kayan aikinsa da ruwan wankinsa su tsaya can wurin haƙa, kada su shigo tsakar gida.

Ajin maza, ranar darasi mai zuwa ku zo da diga da shebur, mu haƙa na farko a bayan wurin alwala.