Wa ke riƙe da mai waya? Tsadar sauya layi a kwarin Komadugu

Shugaban taro, malamai da kuka taso daga Jami'ar Diffa, wakilan ƴan kasuwa, iyayenmu mata da ke zaune can baya, na gaishe ku baki ɗaya. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, sai ku yafe mini kirarin da ya kamata in yi wa kowa.

Gardamata da jami'an sadarwa ta daɗe, wasunku ma sun gaji da jin ta. Duk sa'ad da aka yi kukan tsadar kira ko yankewar rezo, amsar da ke zuwa daga sama ɗaya ce: ai kamfani huɗu ne a ƙasar nan, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom, wanda bai ji daɗin wannan ba ya koma wancan. Ni kuwa na ce ƙirga lasisi ba ya nuna akwai gasa. Ku tambayi dillalin tattasai na Diffa: in ransa ya ɓaci yau, zai iya yar da layinsa gobe ba tare da ya rasa masu sayensa na Maiduguri da Kano ba? In ba zai iya ba, ko kamfani goma aka ba lasisi, shi dai a hannun guda yake.

Abu biyu ke ɗaure shi. Na farko, waya ba ta da amfani a kan kanta, amfaninta yana ga yawan mutanen da za ka samu da ita. Kamar kasuwa ce: ba rumfa ake zuwa gani ba, mutane ake bi, kuma inda suka fi taruwa nan kowa ke ƙara nufa. Masana tattalin arziki Michael Katz da Carl Shapiro sun tsara wannan a rubuce tun 1985. Na biyu shi ne abin da mutum zai yi asara in ya tashi, wanda Paul Klemperer ya yi nazarinsa a 1987. Ɗaliban da ke nan sun karanta su, ba sai na maimaita ba. Abin da ya fi mini muhimmanci shi ne hujjar da aka samo a ƙasarmu, a kasuwannin hatsinmu.

Daga 2001 zuwa 2006 aka riƙa kafa eriyar salula a garuruwan Nijar, wannan gari bana, wancan baɗi. Wata masaniya Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta lura cewa wannan bi-da-bi ya ba da damar gwaji: ana iya kwatanta kasuwannin da rezo ya kai da waɗanda bai kai ba, a shekara ɗaya, cikin fari ɗaya ko damina ɗaya. Ta bi farashin hatsi wata-wata a kasuwanni daban-daban, ta kuma zauna da fatake. Sakamakon da ta buga a 2010 ya nuna cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari bayan zuwan waya. Da, falke sai ya hau mota ya je ya gano nawa tiya take, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Ta kuma gano cewa raguwar ta fi yawa tsakanin kasuwannin da ke nesa da juna, masu mugunyar hanya. Wa ya fi mu nisa? Daga Yamai zuwa Diffa fiye da kilomita 1,300 ne.

Jami'ai suna son kawo wannan adadi na 10 zuwa 16 a jawabansu, su tsaya nan. Ni ɓangaren da suke tsallakewa ne ya dame ni. Binciken ya nuna cewa tasirin yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan kasuwannin da suka shiga rezo. Kasuwa ɗaya mai eriya ba ta tsinana kome, don ba wanda za ta kira. Ku yi lissafin da ni. Kasuwa goma in kowace na iya magana da kowace, hanyoyin da ke tsakaninsu 45 ne. In suka zama ashirin, hanyoyin ba 90 za su zama ba, 190 ne. To yanzu ku raba ashirin ɗin gida biyu, goma a hannun wannan kamfani, goma a hannun wancan, ku sa kira daga gida zuwa gida ya fi tsada. Hanyoyi masu araha sun koma 90. Ɗari sun tafi, ba don an rushe eriya ko ɗaya ba, sai don an gina katanga a tsakani. Kuma ribar yawan nan wa ya samar da ita? Fatake ne da suka sayi waya da kuɗinsu, suka ba juna lamba. Kamfani ya kafa ƙarfe, gaskiya ne, kuma a biya shi kuɗin ƙarfensa. Taron jama'ar dai ba shi ya haife shi ba.

Kada kuma a ce waya kaɗai ta wadatar. Aker da Marcel Fafchamps sun sake dubawa ta ɓangaren manomi, suka tarar tazarar farashin da ake sayen wake a hannun manoma ta ragu da kimanin kashi 6 cikin ɗari, gero da dawa kuwa ba su motsa ba, kuma abin da manomi ke karɓa bai ƙaru ba. Wato mai babban littafin lambobi shi ya fi cin moriya. Manomin tattasai na bakin kogi, wanda lambar dillali ɗaya ce a wayarsa, a ɗaure yake sau biyu: ga dillali, ga layin da dillalin ke kai.

In kuna son sanin darajar wannan ɗauri, ku dubi yadda kamfanonin suke cinikin junansu. Celtel ya zama Zain a 2008, Zain ya zama Airtel a 2010. An sake fentin shaguna, masu layi suna nan inda suke. Kamfanin Bharti na Indiya ya biya dalar Amurka biliyan 10.7 don harkokin Zain a ƙasashen Afirka 15. Ba kuɗin ƙarfe da janareto ba ne kawai wannan, kuɗin mutanen da aka san ba za su tashi ba ne. Orange ya shigo Nijar a 2008, ya sayar wa Zamani a 2019, masu layi suka bi kaya. Haka Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan dala biliyan 19, alhali ma'aikatan kamfanin ba su kai 60 ba. A Janairun 2021, da WhatsApp ya sauya sharuɗɗansa, miliyoyin mutane suka sauke Signal da Telegram cikin fushi. Ina suke yau? Zauren dangi yana WhatsApp, zauren masu banda yana can, saƙon murya da tsohuwa ke aikawa da Barbarci ko Fulatanci can yake sauka. Mutum ɗaya ba ya iya kwashe zaure.

Mu a nan muna da ƙarin wahalar da mutumin Yamai bai sani ba, wato iyaka. Naira tana yawo a kasuwanninmu kafaɗa da kafaɗa da sefa, kayanmu Gaidam da Gashuwa da Damasak suke bi, saboda haka yawancin ƴan kasuwarmu suna riƙe da layin Najeriya kusa da na gida. Celtel ya gane wannan tun da wuri: tsarinsa na cire kuɗin ƙetare iyaka, wanda ya fara a gabashin Afirka a 2006, ya iso Nijar da Najeriya da Chadi a 2007. Dabara ce mai kyau, kuma ta amfane mu, amma ku lura da wanda ta ƙarfafa: kamfanin da ke da ƙafa a ƙasashen uku. Sannan layin ƙetare aro ne. A 2013 sojojin Najeriya sun rufe sabis a Borno da Yobe da Adamawa, wanda duk cinikinsa ke kan layin can ya wayi gari kurma. Daga Disamban 2020 aka wajabta a Najeriya haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, daga baya aka toshe miliyoyin layuka. Shekarun da dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana cinikin tattasai da kifi a nan Diffa ba sai na tuna wa kowa ba. Abin da zan ce kawai, wanda ya fito daga waɗannan shekaru da lambobin abokan cinikinsa a hannu ya fi saurin miƙewa. Na ji daɗin yarjejeniyar cire kuɗin ƙetare iyaka tsakaninmu da Mali da Burkina Faso da aka sa wa hannu a ƙarshen 2024. Sai dai tattasan Komadugu ba Bamako yake zuwa ba.

Wasu abokan aikina suna cewa kasuwa ta riga ta warware matsalar, tunda Tecno da Itel sun cika gari da waya mai layi biyu, wata ma uku. Wannan ba warwarewa ba ce, haraji ne da talaka ke biya: kiredi biyu, garaɓasa biyu da kowace ke ƙarewa kafin a cinye ta. Wasu kuma suna cewa in aka matsa wa babban kamfani zai daina zuba jari. An faɗi haka a Kenya, kuma babban kamfaninsu, Safaricom, yana nan da ransa. Ba zan ɓata lokacinku a kan waɗannan ba.

Wanda ya cancanci amsa shi ne mai cewa a ba mutum damar tafiya da lambarsa zuwa wani kamfani, shi ke nan. Ina goyon baya, amma kada a ɗora masa buri. Najeriya ta fara wannan tsari a Afrilun 2013, kuma waɗanda suka yi amfani da shi ƴan kaɗan ne in aka gwada da yawan layukan ƙasar. Me zai sa ka tashi, in duk danginka suna inda kiran juna ya fi araha? A Afrilun 2013 ɗin dai hukumar sadarwar Najeriya, NCC, ta yi wani abin da ya fi wancan nauyi, ko da yake ba a yi masa shela sosai ba: ta ayyana MTN a matsayin mai rinjaye a kasuwar kira, ta umarce shi ya daidaita farashin kira a cikin layinsa da na kira zuwa wasu layuka. Katangar aka taɓa ke nan.

A harkar kuɗi ɗaurin ya fi tsanani. Mu a Nijar kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza da Nita da Amana muka fi sabawa da su, kuma kowa ya san ƙa'idar: inda aka zuba nan ake ɗauka. Ɗan da ke Agadas ba ya zaɓen kamfanin da ya fi sauƙin caji, yana zaɓen wanda ke da taga kusa da gidan uwarsa a Gudumariya. Mai tagogi da yawa sai ya ƙara samun masu aikawa, masu aikawa su ba shi kuɗin buɗe wasu tagogin. Kenya ta ga wannan da M-Pesa na Safaricom, wanda ya fara a 2007. A 2014 hukumar gasa ta ƙasar ta hana Safaricom tilasta wa wakilansa yi masa aiki shi kaɗai, a 2018 kuma aka buɗe aika kuɗi kai tsaye tsakanin kamfanoni. Tanzaniya ta riga ta tun 2014, Gana ta bi a 2018. Babban bankin yankinmu, BCEAO, ma ya ƙaddamar da dandalinsa na haɗa biyan kuɗi a 2025. Tambayata ita ce yaushe mai sayar da kanwa a kasuwar Maine-Sorowa zai ji shi a aljihunsa, domin dandalin da bai haɗa da tagar da talaka ke tsayawa ba, na ma'aikatan banki ne.

Abin da nake nema bai sauya ba tun da na fara wannan magana. Hukumar sadarwarmu, ARCEP, ta haramta duk garaɓasar da ke aiki a cikin layi ɗaya kaɗai ga kamfanin da ya fi rinjaye, kuma a auna rinjayen jiha-jiha. Kamfani yana iya zama na biyu a lissafin ƙasa, alhali shi kaɗai ke kamawa daga Shetimari zuwa Gingimi. Matsakaicin ƙasa yana ɓoye mu, tunda mu kaɗan ne kuma muna nesa. A buga alƙaluman Diffa dabam, gunduma-gunduma, kowa ya gani.

A tilasta raba eriya. A kwarurukan dabino da ke tsakanin tuddan rairayi, mutanen da ke wurin ba su isa su biya kuɗin eriya huɗu ba, ko biyu ma da ƙyar. Wanda ya fara kafawa ya mallake wurin har abada, sai fa in doka ta ce sauran su hau ƙarfensa su biya haya bisa farashin da hukuma ta yanka. Asusun da aka ware don kai sadarwa karkara, kada a ba kowa ko dala daga cikinsa sai da wannan sharaɗi.

Mai shago da ke karɓa da biyan kuɗi a bar shi ya yi wa kamfani nawa ya ga dama aiki a teburi ɗaya, kuma kuɗin da aka zuba a wannan kamfani a iya ɗaukarsa a wancan.

Ku kuma ƴan kasuwa, akwai naku. Ƙungiyar masu tattasai da ta masu kifi su buɗe rajistar lambobin masu saye a takarda, a ajiye a ofishin ƙungiya, a riƙa sabunta ta duk kaka, kuma ƙaramin manomi ya sami damar dubawa ba sai ta hannun dillali ba. Malaman jami'a da ke nan, ku turo ɗalibanku su maimaita aikin Aker a kan tattasai, daga gonakin bakin kogi zuwa kasuwar Diffa zuwa ƙetare, su rubuta layin da kowane ɗan kasuwa ke kira da shi da abin da yake kashewa a wata. Da waɗannan alƙaluma za mu je Yamai.

Shugaban taro, na ga kana duba agogo. A buɗe fagen tambayoyi, kuma wakilan kamfanoni su fara.