Albarushin Sin da igwar Damagaram

An ce in yi magana kan yadda mutanen Sin suka ɗauki yaƙi a tarihinsu. To zan yi, amma daga gida zan ɗauko zancen, don mu 'yan Dogo-Dogo da Dungas da Magariya akwai abin da ya haɗa mu da su: albarushi.

A Sin aka gano shi, wajen ƙarni na 9, a hannun masu haɗe-haɗen magani. Zuwa 1044 har an rubuta yadda ake haɗa shi a wani littafin soja na daular Song. Sai ya bi hannu-hannu, ya isa ƙasashen Larabawa da Turai, ya ƙetaro hamada. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, yana sayo bindigogi ta hanyar ayarin Tarabulus. Kuma bai tsaya ga saye ba. Ya sa ana haɗa albarushi a cikin Zinder, maƙera suna zuba igwa, ya kewaye Birni da garu. A lokacin da yawancin sarakunan Hausa ke taƙama da dawaki, lifidi, sulke da 'yan baka, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san muna alfahari da shi.

Amma wa ya biya kuɗin bindigar?

Kakanninmu ne. Ƙasashen Sosebaki, irin su Dungas da Washa da Mirya, sun shiga ƙarƙashin Damagaram suna kai gaisuwa. Ayarin arewa ba kyauta yake kawo kaya ba, kuma cikin abin da yake komawa da shi har da bayi. Wani Bature ɗan Ingila, James Richardson, ya sauka Zinder a farkon 1851, tun kafin ƙarfin Tanimun ya kai inda ya kai, ya rubuta yadda sarki ya kai hari kan garuruwan da ke ƙarƙashinsa don kamo mutane. Kun ga ke nan bindigar da ake yi wa kirari a fada, a ƙauye wani suna take da shi.

A nan ne tsohon tunanin Sin ya burge ni. Littafin yaƙin da ake dangantawa da Sun Zu ya haura shekara 2,000, kuma har yau ana karanta shi a makarantun soja. Mutane na zaton dabarun kisa ne kawai a ciki. A'a. Rabin damuwarsa lissafi ne: abincin runduna, nisan hanya, 'yan leƙen asiri, da yadda dogon yaƙi ke talauta manomi har ƙasa ta rube daga ciki. A wurinsa gwani shi ne wanda ya karya shirin abokin gaba tun ba a ja daga ba. Ba wai sarakunan Sin duk sun bi wannan ba fa. Sun gina doguwar ganuwa da gumin talakawa, amma a 1644 wani janar nasu, Wu Sangui, ya buɗe wa Mancu ƙofar Shanhai da hannunsa. Su da suka ƙago albarushi, jiragen ruwan Ingila suka durƙusar da su a yaƙin 1839 zuwa 1842.

Mu ma haka. Sarki Amadu Kuran Daga ya kwashe shekarunsa na ƙarshe yana kai wa ƙasar Kano yaƙi, zamanin Sarki Alu. Ana cikin wannan, a watan Yulin 1899, rundunar Faransa ta iso Tirmini, yamma da Zinder. Ba ta da yawa, kuma akasarin sojojinta baƙar fata ne irinmu, sai dai suna da horo da bindiga mai saurin ɗuri. A yini ɗaya aka gama. Garu da igwa ba su hana a shiga Birni ba. Kano, wadda aka yi ta gwabzawa da ita, ta faɗa hannun Ingila a watan Fabrairun 1903. Sai waɗanda suka ci su biyun suka zauna suka ja layi tsakaninsu, layin nan da ke kudu da mu, wanda yau ɗan Dogo-Dogo ke tsallakawa in zai ci kasuwa a Jigawa ko ya gaida kawunsa.