Ƙaton Jariri Ma Yana Buƙatar Sa Ido



In aka haifi ƙaton yaro, 'yan barka sai su cika ɗaki da "tubarkalla, kamar ɗan wata uku!" Abin farin ciki ne, amma a asibiti irin wannan jaririn ne ake ƙara sa wa ido. Yawancin jarirai kan zo da nauyin kilo 2.5 zuwa 4. Wanda ya haura kilo 4, a kansa muke magana yau.

Girman wani gado ne, wani kuma cikin ne ya wuce lokacinsa. Wanda ya fi damuna shi ne ciwon suga na goyon ciki, domin mace kan yi ta fama da shi ba ta sani ba. Sugan da ya yi yawa a jininta yana bi ta mabiyiya ya isa ga ɗan da ke ciki. Jikinsa sai ya yi ta samar da sinadarin insulin, ya mai da rarar sugan ta zama kitse, musamman a kafaɗu da ƙirji.

Ranar naƙuda, kai na iya fitowa kafaɗa ta maƙale. In aka ja da ƙarfi, jijiyar hannunsa na iya lalacewa. Uwa kuma ga yagewa, ga zubar jini, ga doguwar naƙudar da kan jawo yoyon fitsari. Don Allah irin wannan haihuwar a yi ta a asibiti, kuma in likita ya ce sai an yi aiki, maigida ya sa hannu da wuri.

Bayan an yanke cibiya ma da saura. Sugan uwa ya daina zuwa, ga insulin fal a jikin jaririn, sai sugansa ya faɗi. Maijego, in kin ga yana karkarwa, ko jikinsa ya saki, ko barci ya hana shi kama nono, ki kira ma'aikaciyar jinya nan take. Ki sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, ki riƙa ba shi a kai a kai. Dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar, shi ne abin da ya fi buƙata.

'Yar'uwa mai juna biyu, idan kin taɓa haifar ƙaton jariri, ki faɗa tun ranar farko ta awo, kuma ki nemi gwajin suga tsakanin mako na 24 da na 28.

Allah ya sauke ku lafiya.