Abin da na tsinto a intanet, da abin da ya kamata mu yi da shi



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu a wannan rana, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Malamanmu, iyayenmu, shugabannin ƙungiya, ƴan uwana maza da mata da kuka taso daga Ƙonni da Malbaza da Illela da ƙauyukan da ke kewaye, barkanku da zuwa.

Kwamitin shirya wannan biki ya ce in yi magana a kan abubuwan da nake cin karo da su a intanet, na fasaha da sababbin kamfanoni da yadda ake tattalin lokaci. Na san da yawanku kuna jiran in kawo labarin Amurka da Sin. Zan ɗan taɓa na waje, amma abubuwan da suka fi tsaya mini a rai na gida ne, wasu ma a nan jihar Tawa suka faru. Darasin da na ɗauka daga cikinsu guda ɗaya ne: waya tana amfanar wanda ya zo mata da tambaya. In ka buɗe ta ba ka san abin da kake nema ba, ita za ta zaɓar maka, kuma sau da yawa abin da za ta zaɓa shi ne abin da zai ci maka mega da lokaci.

Bari in fara da gero. Wata malamar tattalin arziki mai suna Jenny Aker, wadda ta koyar a jami'ar Tufts a Amurka, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, wato shekarun da rezon salula ke shiga garuruwanmu ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa inda rezo ya iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma raguwar ta fi yawa tsakanin kasuwanni masu nisa da waɗanda hanyarsu ba ta da kyau. Dalili a fili yake. A da sai ɗan kasuwa ya biya kuɗin mota ya ɓata yini kafin ya san nawa tiya take a wani gari. Da waya ta zo, kira ɗaya ya isa. Ku lura, wayoyin wancan lokaci ba su da Facebook, ba su da TikTok, masu madannai ne. Iyayenmu tambaya suka riƙe: nawa ne yau a can?

Na biyu ya fi kusa da mu. A 2010, bayan farin da ya jawo ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa. Wasu gidaje an ba su a hannu, wasu an tura musu ta waya, ta tsarin Zap na kamfanin Zain, wanda daga baya ya koma Airtel. Da aka gwada, sai aka ga matan da suka karɓa ta waya ba su ɓata lokaci wajen doguwar tafiya da jiran layi ba, kuma abincin gidajensu ya fi zama iri-iri. Kuɗin ɗaya ne, hanyar isowarsa ce ta bambanta. Yau a jami'o'in duniya ana karantar da wannan gwaji na ƙauyukanmu, mu kuwa da yawanmu ba mu taɓa jin labarinsa ba.

Na uku mutum ne, ɗan ƙasarmu, Abdou Maman Kané, wanda ya kafa kamfanin Tech-Innov. Ya duba wahalar mai garka da ke yini yana ban ruwa, sai ya haɗa famfo mai aiki da hasken rana da wayar salula, ta yadda manomi zai kunna ruwa ko ya kashe daga inda yake. Wannan aiki ya ci kyautar kamfanin Orange ta masu sana'ar taimakon al'umma a Afirka a 2011, sannan ya ci babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan II na Maroko a 2015. Duk wanda ya taɓa ban ruwan albasa a Galmi ko a fadamar Ƙonni cikin zafin watan uku ya san matsalar da wannan bawan Allah ya duba. Bambancinmu da shi, shi ya zauna ya ce yaya za a yi.

To, abin da ake kira sabon kamfani na fasaha ke nan, in an cire masa ado. Mutum ya ga wani abu da ke wahalar da jama'a kullum, ya samo hanyar da ta fi sauƙi, mutane su yarda su biya shi. M-Pesa ta Kenya ta fara a 2007 saboda ɗan ci-rani a Nairobi yana son aika kuɗi ƙauye ba tare da ya ba direban mota ba. Paystack ta Legas, wadda samari biyu suka kafa don sauƙaƙa biyan kuɗi ta intanet, kamfanin Stripe na Amurka ya saye ta a 2020 a kan sama da dalar Amurka miliyan 200. Mu ma nan, Nita da Al Izza da Amana matsala iri ɗaya suka kama: ɗan bida a Abijan ko Yamai yana son kuɗinsa su isa hannun mahaifiyarsa yau. A Yamai kuma akwai cibiyar CIPMEN da ke renon ƙananan kamfanoni tun 2014. Ƙofa tana nan ga mai abin nunawa.

Saboda haka mu tambayi kanmu, mece ce matsalarmu ta ƙofar gida? Ni dai albasa nake gani. Sunan Galmi ya kai Akara da Kumasi da Abijan da Kwatano, amma ku dubi yadda manomi ke sayarwa. Lokacin cira, albasa ta cika Galmi da Tsarnawa, farashi ya faɗi, shi kuma bashin iri da taki da man famfo na wuyansa, dole ya sayar. Bayan wasu watanni buhun nan ya ninka, ribar ta tafi ga wanda ya iya ajiyewa. Wanda ya zuba a rudu kuma, wani kaso ya ruɓe kafin kasuwa ta tashi. Kuma mun gani da idonmu a 2023, da aka rufe iyaka, yadda labari ɗaya ke juya farashi cikin kwana biyu. Wanda ya riga jin labari shi ke cin kasuwa.

Ga shawarata ga ƙungiya, kuma ba ta buƙatar ko jika ɗaya daga asusu. Muna da mambobi a Ƙonni, a Tsarnawa, a Galmi, a Dogarawa, a Malbaza, a Badagishiri, a Illela. A kowane gari a samu mutum biyu masu amana. Ranar kasuwa su rubuta farashin buhun albasa, tiyar gero da ta wake, buhun taki, da canjin naira da sefa. Da yamma mutum ɗaya ya haɗa, ya yi saƙon murya na minti biyu da Hausa, a tura ta WhatsApp, don wanda bai yi lakwal ba ya ji. A riƙa ajiye alƙaluman cikin kaye da kuma cikin kwamfuta. In muka jure shekara ɗaya, za mu riƙe abin da manomi zai duba ya san wane wata ya fi dacewa ya sayar. Ba mu ne farko ba: RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, tana ba manoma shawara ta waya da WhatsApp cikin harsunan gida, akwai kuma tsarin SIMA da ke bin farashin kasuwanni. Namu shi ne mu kawo abin kusa, mu isar da shi kunnen baba da kawu. Sharaɗi ɗaya ne: gaskiya. Ranar da wani ya ƙara ko ya rage don ɗan uwansa dillali ne, aikin ya mutu.

Yanzu ɗaya gefen, don ba duk abin da ke ƙyalli a waya ne alheri ba. Kun tuna 2024, lokacin Hamster Kombat? A fada da yawa shayi na dahuwa, kowa ya sunkuya yana dangwalar waya, ana jiran arziki. Da aka fitar da kuɗin a watan tara na shekarar, abin da mafi yawa suka samu bai taka kara ya karya ba, ga watanni sun tafi. Wannan ma lokaci ya ci. Akwai masu cin dukiya: MMM ta daskarar da kuɗin mutane a Najeriya a watan sha biyu na 2016, CBEX ta rufe da na wasu a watan huɗu na 2025. Mu da ke bakin iyaka, duk abin da ya shigo Sakkwato gobe yana Ƙonni. Ga kuma cacar ƙwallo da ta shigo aljihun yara, wadda hukuncinta a addini ba ya buƙatar dogon bayani.

Kafin ka saka ko dala ɗaya, yi tambaya uku. Me suke sayarwa, wa ke saye? In ribar daga kuɗin sababbin shiga take fitowa, to ranar da aka daina shiga ita ce ranar kuka. Sannan, in kuɗina suka maƙale, wace ƙofa zan ƙwanƙwasa? In amsar ita ce wata lamba a Telegram, riƙe abinka. Na uku, ka kai maganar gaban malami kafin ka shiga, ba bayan ka yi asara ba.

Haka ma labarai. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu yi aiki da labari, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci. Yau kowane ɗayanmu gidan rediyo ne. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum, har su sa malami ya faɗi abin da bai faɗa ba. In an turo maka saƙo an ce yaɗa don Allah, tsaya tukuna: wa ya faɗa, yaushe, a ina? Hadisin da ba ka san ingancinsa ba, kada ka tura. Hoton ƴar mutane ko sirrin gidan wani, ya mutu a wayarka. Ƴan uwa mata, ku ma ku kula da abin da kuke aikawa, don abin da ya fita daga waya ba ya komawa.

Sai maganar lokaci. Wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, a ƙarshen shekarun 1980 ya riƙa amfani da agogon kicin mai siffar tumatir: aiki minti 25 ba ɗagowa, hutu minti 5, a sake. Sunan dabarar Pomodoro, ma'anarsa tumatir da harshensu. Miliyoyin mutane na bin ta. Mu kuwa salloli biyar sun riga sun yanka mana yini gida-gida. Abin da ya rage shi ne kowane gida ya san aikinsa. Ku gwada wannan na mako biyu: daga asuba zuwa hantsi kada a buɗe rezo, a yi tilawa da bitar darasi ko aikin garka. A wayar Android akwai wurin da ke nuna awa nawa ka yi a kowace manhaja. Ku buɗe shi daren yau ku gani da idonku. Cikin Bukhari akwai hadisin da ke gargaɗi game da ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a kansu, lafiya da sararin lokaci. Matashi ne ya fi kowa riƙe da su biyun.

Wani zai ce rezo ba ƙarfi, wuta na ɗaukewa, mega na da tsada. Gaskiya ne. Shi ya sa nake son ku san Kiwix, manhajar da ke ba ka damar sauke Wikipedia ka karanta ba tare da intanet ba. Darussan Khan Academy na lissafi kuma akwai su da Faransanci kyauta, sun dace da masu shirin birbe da bak. Mutum ɗaya ya sauke, goma su kwafa. Ƙungiya na iya ajiye irin waɗannan a kwamfuta ɗaya a ofishinta.

Na ƙarshe, harshenmu. Akwai Wikipedia ta Hausa, kowa na iya rubutu a ciki. Akwai shirin Common Voice na Mozilla, inda ake karanta jimloli da murya don na'ura ta koyi jin Hausa. Akwai masu bincike irin na Masakhane da HausaNLP da ke wannan aiki. In mu ƴan Adar da Ƙonni ba mu sa bakinmu ba, na'urar gobe za ta ji Hausar Kano, ta kasa gane mai cewa munka tahi. Ku buɗe ku duba abin da aka rubuta game da garinku, ku tambayi tsofaffi, ku dubi littattafai, ku ƙara abin da kuka tabbatar.

Ina roƙon shugabanni, kafin a watse a rubuta sunayen masu son ɗaukar farashin kasuwa, gari-gari, maza da mata. In Allah Ya kai mu bikin baɗi, a karanta mana abin da suka tara.

Allah Ya sa wa lokacinmu albarka, Ya tsare mu daga haram da yaɗa ƙarya, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka.