Malamar da Aka Turo Garinmu: Baƙuwa ce ko 'Yar Gida?

 Yau zancenmu a kan malaman makaranta ne da ake turawa garuruwan da ke nesa da birni, musamman malamai mata, da irin zaman da suke yi da mutanen gari bayan an tashi daga makaranta.

Mu fara duba halin da malamar take samun kanta. An turo ta garin da mota ba ta shiga sosai sai ranar kasuwa. Babu gidan malamai, babu dangi, ba ta san rijiyar da ake ɗiban ruwan sha ba. Da azahar yara sun watse, ita kuma ta koma ɗaki ta rufe ƙofa har gari ya waye. Kafin zangon karatu ya ƙare ta fara neman a canza mata wurin aiki. Sai ku ji muna cewa, ai malaman gwamnati ba sa zama. To, tsakani da Allah, a cikinmu wa ta taɓa aika mata da ƙwaryar fura? Wa ta aika yaro ya gaya mata gobe akwai suna a gidan wance?

Tafiyar malama ba ƙaramar asara ba ce. Iyaye da yawa hankalinsu ya fi kwanciya su bar 'ya mace ta ci gaba da karatu idan akwai mace a cikin malamai. Yarinyar da ta fara girma akwai abin da ba za ta iya gaya wa malami namiji ba. Idan malama ta tafi, sai ku ga 'yan matan aji biyar da shida sun koma talla.

Saboda wannan matsala ce a shekarar 2008 gwamnatocin Bauchi, Katsina, Neja da Sakkwato, tare da UNICEF da tallafin gwamnatin Birtaniya, suka fara ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi karatun NCE, bisa sharaɗin su koma ƙauye su koyar na shekara biyu. Dabarar ita ce, 'yar gida ta fi baƙuwa zama. To idan ba mu da tamu tukuna, me zai hana mu mai da baƙuwar 'yar gida?

Abin ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta koyar da jajis, su kuma suka riƙa kai ilmi ga matan ƙauyuka a ƙarƙashin tsarin 'Yan Taru. Jaji mace ce da matan garinta suka sani, suka yarda da ita, shi ya sa karatun ya shiga.

Ga abin da za mu iya. Mu taya ta samun ɗaki a gidan mutunci. Mu sa ta cikin adashenmu, mu gayyace ta biki da suna, in ta kwanta ciwo mu je dubiya. Kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, akwai kujerar mata a ciki. Mu halarta, mu tayar da maganar masaukin malamai a gaban mai gari. Shimfiɗar fuska dai ta fi ta tabarma.

Ke kuma malama, zumunta a ƙafa take. Ki shiga gidaje ki gai da iyayen ɗalibanki, ki je ta'aziyya, kada ki raina abincin da aka kawo miki. In an roƙe ki ki karanta takardar asibiti, ko ki koya wa matan aure karatu da yamma, ki taimaka gwargwadon hali, amma ki riƙe sirrin gidajen mutane, ki kuma nisanci rigimar kishiyoyi da ta siyasar gari. Uwar da kika zauna kan tabarmarta, ita ce za ta saurare ki ranar da kika ce a bar Ladidi ta gama makaranta.