Garin Gwangwani Na Masu Ciwon Sukari

Wannan jawabi ne da wata ma'aikaciyar lafiya ta yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Daudawa, cikin ƙaramar hukumar Faskari.

Ta ce akwai wani gari da ake sayarwa cikin gwangwani a manyan kantunan magani. Ɗaya daga cikinsu sunansa Glucerna. Ana dama shi da ruwa mai tsabta, a sha a madadin cin abinci sau ɗaya. An haɗa shi yadda sukari ba zai hau da sauri a jini ba.

Amma ta ja kunnen jama'a cewa wannan gari abinci ne, ba magani ba ne. Ba ya warkar da ciwon sukari. Kada magidanci ya sayar da buhun masara ko kuɗin audugarsa ya sayi gwangwani, sannan ya daina shan ƙwayar da likita ya rubuta. Wanda ya yi haka yana iya rasa ido, ko ƙoda, ko ƙafa. Amfanin garin shi ne ga majiyyacin da ba ya iya cin abinci, ko tsohon da tauna ta gagare shi. Shi ma sai da shawarar likita.

Ga mai iya ci kuwa, ta ce abincinsa yana cikin rumbu da bayan gida. A rage tuwo, malmala ɗaya kamar dunƙulen hannu ta isa. A yawaita miyar kuka, kuɓewa, rama da kwaɗon zogale. Wake, gyaɗa, ƙwai da kifi duk suna da kyau. Koko da fura a sha kaɗan, ba sukari, ba zuma. Lemon kwalba kuwa a bar shi.

Wani dattijo ya tambaya ko ya iya tafiya gona da safe bai ci komai ba. Ta ce a'a. Wanda ya yi allurar insulin ko ya sha wasu ƙwayoyin, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa. Alamarsa ita ce rawar jiki, gumi da jiri. A nan ne za a ba shi ruwan sukari maza-maza, in yana cikin hayyacinsa. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Daga ƙarshe ta ce mai yawan ƙishirwa da fitsarin dare da rama ya je a auna jininsa, a asibiti mafi kusa ko babban asibitin Funtua.