Shekara Guda a Antakiya, Shekara Guda a Isolo

Karatu: Ayyukan Manzanni 11:19-26

Yau maganarmu a kan shekara guda ce, shekarar da mutum ya bayar domin 'ya'yan waɗansu su sami shiga makarantar gaba da sakandare.

In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da ku, ku buɗe wurin karatunmu. Luka ya ba mu labari cewa bayan an kashe Istifanas, tsanani ya warwatsa masu bi, waɗansu suka kai har Antakiya, mutane da yawa kuwa suka tuba. Ikkilisiyar Urushalima ta aiki Barnaba ya je ya gani. Da ya iske yadda aikin ya bunƙasa, sai ya tashi takanas zuwa Tarsus neman Shawulu. Ku tuna, wannan Shawulu shi ne wanda almajirai suka ji tsoronsa a Urushalima, har sai da Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni, kamar yadda sura 9 ta nuna. Barnaba ya kawo shi Antakiya, suka yi wata goma sha biyu tare suna koyarwa. A garin nan ne aka fara kiran masu bi Kirista.

A ƙasarmu ma muna da shekara guda da doka ta keɓe. A 1973, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bautar ƙasa, wato NYSC, domin wanda ya gama jami'a ya je ya yi hidima a jihar da ba tasa ba. Wanda aka turo Legas yakan fara da mako uku a sansanin Iyana-Ipaja, kusa da Agege, sa'an nan a tura shi wurin aiki. Da yawansu aji ake ba su. Ta wannan hanya ce Allah ya kawo mana wata 'yar'uwa daga Adamawa, aka sa ta koyar da lissafi a wata sakandare a Isolo. Ta zo sujadarmu ta Hausa ran wata Lahadi, ta ga samari da 'yammata cike da benci, ta tambayi nawa ne a cikinsu suke shirin jarrabawar JAMB. Kunya ta kama mu, domin ba wanda ya san amsa, har da mu da ake kira shugabannin matasa.

Lokacin kuwa da wuya. Tun watan Satumba na 2022 gwamnatin Legas ta sa Oshodi-Isolo cikin ƙananan hukumomin da aka hana acaɓa, yaranmu da yawa da suka dogara ga babur suka zauna ba abin yi. Iyayensu masu gadi ne, da masu dako, da masu sayar da tumatir da albasa. Sai muka haɗa kai da ita muka buɗe darasin yamma a cikin majami'a, sau uku a mako, da allo ɗaya da fitila mai caji.

Bari mu faɗa muku gaskiya: da girman kai muka fara. Mun ɗauka mu ne masu sani, aikinmu kawai mu zuba ilimi. Wata biyu ba su cika ba muka gane lissafi da Turanci su ne ɓangare mai sauƙi. Abin da ke tare yaro a bakin ƙofa sau da yawa takarda ce. Iyaye, ku kasa kunne a nan, gama wannan ya shafe ku.

Yaro yana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci. Bayan haka sai JAMB, wadda aka kafa a 1978: darussa huɗu, maki 400, Turanci kuwa dole ne. Tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. Muna da yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a takarda, amma ba ta taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba. Ranar da muka zaunar da ita a gaban ta aro, hannunta rawa yake yi. Tun 2021 kuma ba a yin rajista sai da lambar NIN. A nan muka yi kuskuren da har yau yake damunmu. Akwai wani yaro, sunan da ke kan NIN ɗinsa dabam da na takardar WAEC, ranar haihuwa ma ba ɗaya ba, domin wani kawunsa ne ya cike masa fom da ka. Mu da muka ce mu ne jagora ba mu duba da wuri ba. Kafin a gyara, an rufe rajista. Shekara guda ta tafi masa a banza saboda sakacinmu. Muka je gidansu muka durƙusa muka roƙi gafara. Ba mu saba roƙon gafarar yaro ba, amma ran nan mun koya.

Akwai kuma maganar asali. Yaron da aka haifa a Agege, wanda kakansa ya zo fataucin goro ko ya biyo jirgin ƙasa, yana jin Yarabanci kamar ɗan gari, amma takardar shaidar ƙaramar hukumarsa tana Adamawa ko Taraba ko Borno, garin da wataƙila sau biyu ya taɓa gani. Iyaye da yawa ba su san cewa jami'o'in tarayya sun daɗe suna keɓe kaso ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilimi ba, jihohin nan kuwa suna ciki. To, ku nemo wa yaranku takardar nan tun suna aji biyar. Kada kuma ku ce sai Jami'ar Legas da ke Akoka ko ba komai. Akwai Kwalejin Fasaha ta Yaba, akwai Jami'ar Jihar Legas a Ojo, nan Isolo ma akwai reshen tsohuwar kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha wadda ta zama jami'a a 2022. Akwai kuma makarantun gida, a Zariya da Jos da Yola.

Abin da ya fi sake mu shi ne zama da iyaye. Wani uba, maigadi ne a wani kamfani, ya ce 'yarsa ba za ta ƙara zuwa darasi ba, an riga an kawo gaisuwar aurenta. Da farko ranmu ya ɓaci, muka shirya masa dogon wa'azi. 'Yar'uwar nan ta ce mu dakata. Ta je wurin aikinsa da yamma, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, na zo in ji daga bakinka ne." Ya yi shiru, can ya ce, "'Yata, ke kin yi karatu, kin san kuɗinsa. Ɗaki ɗaya muke, mu bakwai. In na ce ta tafi jami'a, da me?" Ashe tsoro ne yake cin mutumin nan, mu kuwa mun yanke masa hukunci tun ba mu ji shi ba. Sau huɗu ta koma. Zumuntar mata suka ɗauki kuɗin fom, dattawa suka yi magana da dangin saurayin a jira, muka kuma bayyana wa uban asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya da ya fara aiki a 2024. Ya yarda ta zauna jarrabawa.

Yanzu mu koma ga Barnaba, domin akwai abin da sau da yawa mukan tsallake. A farkon sura 13, inda aka jera masu koyarwa na Antakiya, sunan Barnaba ne a gaba, na Shawulu a can ƙarshe. Kafin surar ta ƙare, Luka ya fara sa sunan Bulus a gaba. Wanda aka je Tarsus aka ɗauko ya wuce wanda ya ɗauko shi, ba mu kuma karanta ko'ina cewa Barnaba ya yi gunaguni a kan haka ba. Mun ɗanɗani wannan. Wata rana 'yar maigadin nan ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, akwai kuskure a layi na uku." Muka duba, gaskiyarta. Da sakamako ya fito, makinta ya fi wanda ko ɗayanmu ya taɓa samu. Mun yi murna, i, amma wani abu ya ɗan soki zuciya, sai da muka kai shi gaban Ubangiji muka kira shi da sunansa, kishi. Mai hidimar da bai taɓa gamuwa da wannan ba, ya jira, yana nan tafe.

Ba duka ne suka ci ba. Waɗansu sun faɗi, waɗansu sun daina zuwa tun kafin jarrabawa. Yaron nan da sakacinmu ya jawo wa asara ya ɓace, aka ce ya koma dako a Mile 12. A cikinmu akwai waɗanda suka ce a ƙyale shi, ga waɗansu suna jira. Irin gardamar nan ce ta raba Bulus da Barnaba a ƙarshen sura 15, a kan Yahaya Markus wanda ya bar su a tsakiyar tafiya. Bulus ya ce ba za a sāke tafiya da shi ba, Barnaba ya ɗauke shi suka nufi Kubrus. Bayan shekaru, Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Ku duba 2 Timoti 4:11. Saboda haka biyu daga cikinmu suka hau danfo zuwa Mile 12, suka yi ta zagaya tsakanin kwandunan tumatir har suka same shi. Bai ce musu komai ba ran nan. Bayan mako uku muka gan shi a bencin baya.

Shekarar 'yar'uwarmu ta cika, ta karɓi takardarta. Ran da za ta koma Yola ta miƙa mana wani littafi mai bangon kwali. Kowane yaro da shafinsa: sunansa yadda yake a NIN, yadda yake a WAEC, ƙaramar hukumarsa, darussan da yake da rauni, da lokacin da ake samun ubansa a gida. Littafin yana hannunmu. Yaron Mile 12 ne yake riƙe da shi ranar Talata, shi ne kuma yake duba sunayen sababbi harafi harafi kafin kowa ya je rajista.

In kana cikin 'yan bautar ƙasa da aka turo Legas, kana kuma jin Hausa, ka nemi majami'ar da ke kusa da kai ran Lahadi, ka tambayi shugaban matasa nawa ne a cikin yaransa suke shirin JAMB. Sai mun sāke saduwa a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.